Makara a Kan Makara

Jiya da hantsi ina zaune a gindin tsamiyar da ke bakin fito, tare da ɗaya daga cikin ɗalibaina, magidanci ne har da 'ya'yansa, sai jirgin itacen nan da aka kawo mana daga yamma ya taso cike da mutane da dammunan gero. Ya yanki ruwa ya wuce, babu wanda ko bakin rigarsa ya jiƙe. Ban san lokacin da na ce, “A zamaninmu da makara muke haye ruwan nan” ba. Ɗalibin ya waiwayo ya dube ni da ladabi, irin duban da ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa, ya ce, “Allah gafarta Malam, makara kuma? Wa ya taɓa hawa makara ya sauko?” Ni dama tun ina yaro magana ba ta zo mini da wuri, sai an watse nake samun abin faɗa. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin a nan na gane akwai kalmar da ta mutu a garin nan ina raye, ba a kuwa yi mata ko zaman makoki ba.

Mutanen mahaifina Barebari ne, daga gabas suka taso, can wajen Tafkin Chadi, kuma a bakinsu makara ba gadon ɗaukar gawa ba ce. Manyan goruna ne, irin waɗanda babban mutum ba ya iya rungumewa, ake ɗaure su biyu-biyu a kan sanda, bakinsu na kallon sama. In kayan mai tsawo ne sai a haɗa biyu da biyu, a shimfiɗa itatuwa a kai, a ɗora kaya ko mutum, 'yan fito su shiga ruwa suna iyo suna turawa. Da haka ake kai gero kasuwar Guri, da haka ake kawo amarya, da haka ake kai maras lafiya birnin Haɗejiya in damina ta rufe hanya. Abin da na fi tunawa shi ne muryarsu. Da sassafe, kafin tsuntsayen kirinjijiya su tashi daga cikin bado, za ka ji gorunan da aka ɗaure a gaɓa suna gugar juna, gum, gum, kamar wasu tsofaffi na gaisawa a hankali. Yanzu in ka je gaɓar da safe ba ka jin komai sai ruwa na dukan katako.

Baba gyartai ne. Yau in an ce gyartai, mutum zai tuna tsohon da ke bin gida-gida yana ɗinke wa mata fasassun ƙore. Baba ma yakan yi wannan, kuma babu gidan da babu ɗinkinsa a garinmu. Amma ainihin aikinsa gorunan fito ne, waɗanda ake ɗora rai a kansu. Ƙwaryar gida ana huda ta ne ta ɓulle, zare ya shiga ya fito. Goran ruwa ba a yi masa haka, domin in ka huda shi ya ɓulle ka buɗe wa ruwa ƙofa, zai bi zaren ya shiga. Sai dai basilla ta shiga a karkace, ta bi cikin kaurin ɓawon, ta fito a ɗaya leɓen tsagar ba tare da ta leƙa cikin goran ba. Zarensa na kaba ne da aka jiƙa aka tauna, in an gama a bi ɗinkin da kakin zuma da garin gawayi. Kullum daga ƙasa yake farawa, daga inda tsagar ta tsaya, don kada ta ci gaba da tafiya. In ya gama ba ya duban aikin da ido. Sai ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ya kara kunne. Gora mai lafiya yakan amsa da murya ɗaya doguwa. Mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa muryarsa takan karye a tsakiya.

Ni ne ɗansa namiji tilo, kuma na riƙe masa gora tun ban fi goran tsawo ba. Ya koya mini shigar basilla, ya ga ina da haƙurin ƙaramin aiki, amma ya ga kuma inda idona yake. In an aike ni sayen kaki sai a same ni a zauren Liman ina kallon masu rubutu. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Wata rana sai ya ce wa Inna, “Hannun yaron nan na gyarta ne, amma na bar wa alƙalami.” Shi da kansa ya tura makarar da ta kai ni hanyar birni. Tun daga ranar yake kirana Goni, tun ban sauke ba, kuma duk wanda ya zo da gora sai ya ji labarin cewa ɗan gyartai yana can cikin ganuwa yana karanta manyan littattafai.

Yana da aboki, wani Bafulatani makiyayi da muke kira Baffa, wanda ke sauko da shanunsa fadama duk shekara. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma na mutanen nan biyu duk a kan kalma ɗaya ya tsaya. Baffa bai taɓa hawa makara ba. In zai haye sai ya naɗe rigarsa a ka, ya kama wutsiyar saniya, ta ja shi. Baba kuwa ba ya bari ya wuce lafiya.

“Kai Bafillace, zo ka hau makara in sa a kai ka!”

“Allah ya kiyaye! Da raina da lafiyata? Ku Barebari ne ke hawa makara ku sauko ku ci tuwo. Ni ranar da na hau, babu saukowa.”

“To, kama wutsiyar uwargijiyarka.”

“Ta fi ƙwaryarka amana, bawana!”

Haka suke yi tun kafin a haife ni, har gemunsu ya yi fari, kuma 'yan fito ba su taɓa gajiya da dariyar ba.

Shekarar da nake son faɗa, na riga na zama saurayi mai gemu, ina tsakiyar karatun fiƙihu. Kogi ya kawo ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Gonakin shinkafa suka nutse, garinmu ya zama tsibiri. Maƙabartarmu tana ƙetaren kogi, a kan wani tudu mai goruba, amma a wannan damina waɗanda suka rasu a bayan gari ake binne su, inda kafin rami ya kai gwiwa ruwa ya tsattsafo, masu haƙa suna haƙa suna kwalfewa da ƙwarya. Cikin wannan hali aka aiko mini cewa Baba na kwance da zazzaɓi. Na same shi a ɗakinsa ya rame. A ƙofar ɗakin kuwa ga wani ƙaton gora na Sarkin Fito, shugaban masu haye da mutane, wanda wani kututture da ruwa ya kwaso ya tsaga tun daga baki har kusa da gindi. Baba ya ɗinke shi zuwa rabi ciwo ya kayar da shi. Basillar na nan a soke inda ya tsaya, zaren na reto. Inna ta so ta kawar da shi ya ce a bar masa, zai tashi ya ƙarasa.

Wata rana da rana ina yi masa fifita, sai ya ce in yaye mayafin in dubi ƙafafunsa. Farare ne, duk sun tsattsage, kamar ƙasan fadama da rani.

“Goni, tun ina yaro nake cikin ruwa,” ya ce. “Na gaji da jiƙa. In ta Allah ta kasance, kada ku sa ni a laka. Ku kai ni tudu, kusa da tsohona. A bushe.”

Inna na zaune a bakin ƙofa, ta ji.

Da hantsi ya cika, ranar da ba a yi ruwa ba amma sama na a haɗe. Kafin a jima tsakar gidanmu da ƙofar gida sun cika. 'Yan fito suka zo da jiƙaƙƙun wanduna, masunta suka bar komarsu a gaɓa, mata suka yi ta shiga wurin Inna. Baffa ya iso yana dogara sanda, ya shiga ɗakin ya daɗe, sannan ya fito. Liman ya zauna a zaure ya ce a tura masu haƙa bayan gari. A nan Inna ta yi magana daga bayan zana, ita da ba a taɓa jin muryarta a zaure ba.

“Allah gafarta Malam, ya bar wasiyya. Tudu ya ce.”

Liman ya dubi Sarkin Fito. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, “Da a kaina zan iya ɗaukarsa in haye, da na ɗauka. Manyan gorunanmu suna Guri, an tafi kwaso mutanen da gidajensu suka rushe. Uku suka rage masu lafiya. Da uku makara ba ta tafiya, karkacewa za ta yi ta zubar. Na huɗun ga shi can a ƙofar ɗakinsa, mai ƙarasa shi kuma ga shi kwance.”

“Akwai ɗansa,” in ji Inna.

Duk aka juyo aka dube ni. Na ji kamar in shige cikin bango. Rabona da basilla tun ranar da na bar garin. Sarkin Fito ya kama hannuna ya juya shi, ya ga tawada a yatsuna, ya ce, “Goni, wannan hannun?” Liman mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce, “Ka karanta, ka san ana son gaggauta jana'iza. Amma wasiyya ma tana da haƙƙi. Na ba ka zuwa la'asar. In bai yiwu ba, ƙasa duk ta Allah ce, ba kuwa wanda zai ga laifinka.”

Na haddace babin wankan gawa, kuma tun da na ga jikin Baba na yi niyyar ni zan wanke shi da hannuna. Ban wanke shi ba. Liman da Baffa ne suka shiga, ni kuwa na zauna a kan turmin da yake zama, na sa goran tsakanin gwiwoyina, ina jin zubar ruwa a bayan zana. Na zare basillar daga inda ya bar ta. Huda ta farko da na yi, sai na ji ta wuce babu tsayawa. Na leƙa ta bakin goran na ga ɗigon haske ƙarami kamar ƙwayar gero. Ta ɓulle. Na kira Sarkin Fito na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Cusa kaki ka wuce. Rana ba ta jiranmu.”

Daga nan na daina kallon kowa. Na tuna yadda nake feƙe alƙalami, yadda wuƙa ke bin kara ba ta shiga ba ta fita, na sa basillar ta bi ɓawon haka. 'Yan fito suka kewaye ni a tsugune. Ɗaya na tauna kaba yana miƙo mini, ɗaya na hura garwashi a ƙarƙashin kaskon kaki. Suna magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Wani ya ce Baba ya taɓa ƙwace masa gora a gaɓa ya zauna a kai ya hana shi shiga ruwa, har suka yi kwanaki ba sa gaisawa, daga baya aka ga tsagar. Wani ya ce shi bai taɓa shiga ruwa da tsoro ba in dai ya ji Baba ya ƙwanƙwasa ya ce tafi. Wata tsohuwa mai tallan nono ta tsaya a kaina da ƙwaryarta mai ɗinki a wurare da yawa, tana shafa ɗinkin da yatsa, hawaye na zuba. Sannan ta wuce wurin Inna.

Inuwa ta fara tsawo lokacin da na kai bakin goran. Na bi ɗinkin da kaki, nawa da nasa. Ba sai an faɗa ba, kowa na iya ganin inda hannunsa ya tsaya nawa ya fara. Nasa ba a jere yake ba, wani kusa wani nesa, yana bin inda ɓawon ya fi kauri. Nawa kuwa a jere kamar layin rubutu. Na ƙwanƙwasa na kara kunne. Gaskiya ban san abin da na ji ba. Kunnen ba nasa ba ne.

Aka yi la'asar, aka yi wa Baba salla a gaɓa, sahu har cikin ciyawa. Aka ɗaure gorunan huɗu, aka sa wanda na ɗinke ta wajen kai, aka ɗora makarar gawa a kan makarar ruwa. Babu wanda ya ambaci sunan ko ɗaya, amma na ga 'yan fito suna kauce wa idon juna. Da nauyinsa ya zauna sai na duƙa na duba. Ruwa ya tsaya daidai inda ɗinkin Baba ya ƙare. Nawa duk yana sama, a bushe, har da wurin da na ɓula. Na yi hamdala a zuci. Ashe shi zai kai kansa.

Maza suka fara tuɓe riguna suna naɗawa a ka, masu ƙananan gorunan kamun kifi suka kwanta a kansu. Sai ga Baffa ya matso bakin ruwa da sandarsa. Shanunsa suna can nesa a tudu, babu wutsiyar kamawa, ga shi tsufa ya lanƙwasa shi.

“Sarkin Fito, ina wurina?”

“Baffa, ruwan yau ba na iyonka ba ne. Ka zauna, ka riga ka yi masa abin da ya fi.”

“Wa ya ce maka iyo zan yi?”

Wani daga cikin 'yan fito ya yi wata irin dariya da ta koma kuka, ya rufe fuska da rigarsa. Sarkin Fito ya ce, “Ba ni ke da magana ba, mai ɗinki ke da ita. Goni, za ta ɗauki biyu?”

Na san abin da ake tambayata. In Baffa ya hau, ruwa zai haura ɗinkin Baba ya hau nawa. In nawa ya saki, kusurwar kai ce za ta nutse, likkafani ya sha ruwa, tsohon kuma ya faɗa inda ba mai iya kamo shi. In na ce a'a, Baba zai isa a bushe kamar yadda ya roƙa, ba kuwa mai cewa na yi laifi. Na dubi Baffa. Ba ni yake kallo ba, farin ƙyallen yake kallo. Na shiga ruwa har ƙugu, na sake ƙwanƙwasa goran, na daɗe da kunnena a jikinsa, ba don ina jin wani abu sabo ba, sai don in samu bakin magana. Abin da ya zo mini shi ne, shekara da shekaru Baba na kiran mutumin nan ya hau, yau ya amsa.

“Ya hau,” na ce. “Ta wajen ƙafa.”

Aka ɗaga shi aka zaunar. Na ga ruwa ya haura, ya rufe wurin da na ɓula na cusa kaki, ya bi ɗinkina ɗaya bayan ɗaya. Na kama sandar ta wannan kusurwa, na manna kumatuna a jikin goran, muka tura.

Tsakiyar kogi ruwan ja ne, mai sanyi, yana jan ƙafa kamar da hannu. Ba ka jin komai sai numfashin masu turawa da muryar Sarkin Fito yana cewa a karkata, a karkata. Ni kuwa hankalina a cikin goran yake. Can na ji shi: ɗis. Shiru. Sannan ɗis. Na sa tafin hannuna na danne wurin da na ɓula, ina iyo da ƙafa kaɗai, ina karanta duk abin da ya zo bakina. A samana sai na ji Baffa yana magana, a hankali, kamar suna zaune a gindin tsamiya.

“To, Babarbare, ka ci. Ga ni a makara da raina. Ka ji daɗi? Ka kwanta ka miƙe ƙafa ka bar ubangidanka yana gadinka. Dama can ba ka da kunya.”

Ya yi shiru, kamar mai jiran amsa.

Ruwa ya kai mu ƙasa da inda muka nufa, amma ƙafafunmu suka taɓa yashi. Kafin a ɗaga Baba na shafa likkafanin tun daga kai har ƙafa. Babu danshi ko kaɗan. Aka sauko da Baffa, ya tsaya a kan yashi, ya dubi gorunan, ya ce, “Ashe ana saukowa.” Sannan ya dubi waɗanda suka saɓi Baba suna hawa tudu, ya ce, “Ni kaɗai.”

Ƙasar tudun da aka haƙa har ƙura take yi. Muka kwantar da shi kusa da mahaifinsa, a ƙarƙashin goruba.

Da muka dawo rana na gab da faɗuwa. Inna ta fito har gaɓa, abin da mai takaba ba ta yi, mata biyu na riƙe da ita. Ba ta tambayi yadda aka yi salla ba, ba ta tambayi wa ya shiga kabari ba.

“Ya jiƙe?”

“Bai jiƙe ba, Inna.”

Ta duƙa ta zura hannu cikin goran har kafaɗa. Ta fito da shi da ɗan ruwa a tafinta, wanda bai fi cikin ludayi ba. Ta dube ni. Na ce, “Nawa ne. Nasa bai saki ba.” Ta shafe fuskarta da ruwan, ta juya gida.

Na koma birni na ci gaba da karatu, ban sake riƙe basilla ba. Goran ya yi shekaru yana fito, 'yan fito na kiransa mai hannu biyu. Baffa bai sake hawa makara ba bayan dawowarmu ranar, bai kuma sake yi wa wani Babarbare wasa ba har ya rasu. Yanzu ba mai shuka irin wannan duma a fadama, ba mai tauna kaba, kuma in ta Allah ta kasance jirgin itace ne zai kai ni tudun, cikin sauƙi, a bushe. Ban ce jirgin bai fi ba. Ya fi. Sai dai gobe in ɗalibin nan ya zo ɗaukar karatu, kafin ya buɗe littafi, zan ce masa ya zauna. Ya yi tambaya ban amsa ba. Na san wanda ya hau makara ya sauko.